Mene ne mitoloji, kuma me ya raba shi da tatsuniya?

Kwanakin nan kalmar nan mitoloji ta yawaita a bakin matasa, musamman masu kallon finafinan jarumai da masu buga gem a waya, zakaji ana cewa wancan jarumin mai guduma ai daga mitolojin Turawan arewa aka ɗauko shi, wancan kuma na Girka ne. Da ka tambaya me ake nufi sai a ce maka ai tatsuniyar Turawa ce kawai. To ba haka bane fa, kuma bambancin ba ƙarami bane.

Kalmar asalinta Girkanci ce, abin da ake nufi da ita shi ne tarin labaran da wata al'umma ta gada game da abubuwan bautarta, da yadda duniya ta faro, da abin da ke kawo tsawa da damina da mutuwa, har da shi kansa ilimin nazarin waɗannan labarai. Ita tatsuniya kowa ya san wasa ce, da dare ake yinta, a fara da ga ta nan ga ta nan ku, a ƙare da ƙurunƙus, mai bayarwa ma da bakinsa yake cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Babu wanda ya taɓa gina wa Gizo ɗakin bauta. Shi kuwa mitoloji mutanensa sun yarda da shi ne tsakani da Allah, suna yanka dominsa, suna rantsuwa da shi, sarakuna na jingina mulkinsu gare shi. Mutanen birnin Atens na Girka sun fara gina ɗakin bautar da ake kira Parthenon a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam saboda Athena, wadda suka ɗauka ita ce mai tsare musu gari, kaga kuwa ba a kashe irin wannan dukiya akan labarin hira.

Abin da yasa na damu da kalmar shi ne zane da sassaƙa. Wallahi in baka san waɗannan labarai ba, da yawa daga abin da ke gidajen tarihi na duniya kallo kawai zakayi ka wuce.

Ɗauki wani sassaƙe da ke gidan Borghese a birnin Rum, wanda wani masassaƙi mai suna Bernini ya yi tsakanin 1622 da 1625 yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Farin dutsen mabul ne, namiji na bin mace a guje har hannunsa ya kai ƙugunta, ita kuma ta ɗaga hannuwa sama bakinta a buɗe. Matso kusa ka duba yatsun hannunta, ganye ne ke tsirowa, yatsun ƙafarta sun fara zama saiwa suna kama ƙasa, ɓawon itace na hawa jikinta daga ƙasa. Wanda bai san labarin ba zai ce wannan wane irin abu ne kuma. Labarin shi ne Apollo, wato namijin nan, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, ya yi wa Eros, wanda a wajensu shi ne ubangijin soyayya, ba'a akan bakansa, shi kuma don ramuwa ya harbe shi da kibiyar zinari mai sa so, ya harbi yarinyar mai suna Daphne da ta dalma mai sa ƙi, to shi yana mutuwar sonta ita kuma bata ko son ganinsa, da ta ga zai cim mata sai ta yi kuka ga mahaifinta wanda a wajensu shi ne ubangijin wani kogi, ya mayar da ita bishiyar lorel. Daidai wannan ƙiftawar idon Bernini ya kama ya daskarar a dutse, kuma ganyen da ya sassaƙa siraransu har mamaki suke bani, dutse ne fa. Daga wannan labarin Girkawa ke bayanin dalilin da yasa ake saka wa wanda ya ci gasar Apollo rawanin ganyen lorel. Sunan Apollon nan dai shi Amurka ta sa wa kumbon da ya kai mutane wata a 1969, kuma ciwon idon da muke kira afolo a shekarar ya ɓarke a Ghana, shi yasa sunan ya bi shi.

Na Masar ya ma fi taɓa ni. Akwai wata doguwar takarda da aka binne wani magatakarda mai suna Ani da ita wajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, yanzu tana gidan tarihin Birtaniya a Landan. An zana sikeli, gefe ɗaya zuciyar mamacin, ɗaya gefen gashin jimina ƙwaya ɗaya wanda shi ne alamar Ma'at, wato gaskiya da daidaito. Anubis mai kan dila ya durƙusa yana duba awon, Thoth mai kan tsuntsu na tsaye da alƙalami yana rubuta sakamako, a bayansa kuma wata dabba mai kan kada da gaban zaki da bayan dorina tana jira, in zuciya ta rinjayi gashin sai ta haɗiye ta. Saboda wannan imanin ne masu shirya gawa suke cire ƙwaƙwalwa su yar amma su bar zuciya a ƙirji, don mai ita zai buƙace ta a can. Ka ga yadda labari ya shiga har cikin aikin hannun mutane.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan halittu yana da alamar da masu zane ke sa masa don a gane shi ko ba a rubuta suna ba. Mai mashi baki uku Poseidon ne na teku, mai takalmi da fukafukai Hermes ne ɗan aike, a Indiya mai kan giwa da ɓera a gefensa Ganesha ne, a ƙasar Yarabawa gatari mai baki biyu na Sango ne mai tsawa. Athena kuwa mujiya ce alamarta, har a kuɗin azurfar Atens suke buga ta a matsayin tsuntsuwar hikima, mu da mujiya ke kuka a gida a ce ba lafiya ba.

To mu fa, muna da shi? Mutane na saurin kawo Bayajidda, amma a ganina wurinsa daban ne, shi ne irin wanda malaman adabi ke kira tarihihi, labarin mutane da garuruwa na gaske da aka cuɗanya da abin al'ajabi. Daura tana nan, rijiyar Kusugu tana nan ana zuwa gani, kuma labarin yana bayanin asalin sarauta ne ba asalin duniya ba. Wanda ya fi kusa da mitoloji shi ne na Tsumburbura a gindin Dala, abin bautar da ke cikin wata bishiya da aka zagaye da katanga wadda Barbushe kaɗai ke shiga wurinta ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru, sai kuma na 'yan bori da birninsu Jangare, da su Inna da Sarkin Rafi, kowa da halinsa da kiɗansa da irin tufafinsa.

Nasan wani zai ce ina ruwan Musulmi da labarin gumaka, kuma tambayar tana kan hanya. Amma sanin abu daban, yarda da shi daban. Wancan sassaƙen na Apollo ma wani babban limamin cocin Katolika ne, Scipione Borghese, ya sa aka yi masa, lokacin an fi shekara dubu da daina bautar Apollo a Rum. A wajenmu kuma akwai Hisham ibnul Kalbi, malamin Kufa da ya rasu wajen 819 miladiyya, ya zauna ya rubuta Kitabul Asnam akan gumakan Larabawan jahiliyya, ya faɗi wace ƙabila ke bautar wanne kuma a ina, Lata a Ɗa'ifa wajen Saƙifawa, Uzza a kwarin Nakhla, Manata a bakin teku tsakanin Makka da Madina, Hubal kuma a cikin Ka'aba da kibau bakwai a gabansa waɗanda Ƙuraishawa ke ƙuri'a da su kafin tafiya ko aure.