Wai mene ne atisaye da sojoji ke ta yi a tekun Tema da Sekondi?

Kusan duk shekara sai kalmar nan ta dawo bakin mutane. Ka kunna rediyo ka ji an ce sojojin ƙasa kaza da kaza sun fara atisaye, ko ka ga bidiyo na yawo a WhatsApp, jirgin yaƙin Turawa ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Tema a nan Ghana, helikwafta na shawagi ƙasa-ƙasa ta wajen Teshie, kafin la'asar wani ya ɗora murya a kai wai yaƙi za a yi, wani ya ce ai sansani aka kawo mana, daga Nima har Ashaiman kowa da irin tasa fahimtar.

To atisaye dai gwaji ne. Sojoji su ƙirƙiri matsala da kansu, su tsara ta kamar gaske, su raba wasu su zama abokan gaba, sannan su fita da kayan aikinsu na gaske su gani ko za su iya maganinta cikin lokaci. Jirgin na gaske ne, man da yake sha na gaske ne, gajiyar ma ta gaske ce, abokin gaban ne kawai na ƙarya. Dattawa har yanzu rawar daji suke ce wa na sojan ƙasa, kuma ba mamaki, don zamanin Turawa Hausa ce yaren bariki a rundunar Gold Coast, kakannin da yawa daga cikinmu a zango da ita aka ba su oda har suka je Burma suka dawo.

Mutane na haɗa shi da wasu abubuwa da ba shi ba. Fareti daban ne, wannan na ranar 6 ga Maris ne, ranar samun 'yancin kai, a goge takalmi a yi maci a sara wa shugaban ƙasa a watse. Horo kuma shi ne abin da ake yi wa kurtu a Shai Hills ko ɗalibin hafsa a makarantar Teshie, a koya maka abin da ba ka iya ba. Atisaye na wanda ya riga ya iya ne, ana so a ga in an haɗa shi da wasu ɗari, ga dare ga ruwan sama ga rediyo na katsewa, iyawar tana nan ko ta gudu. Sintiri da samame kuwa aiki ne na gaske, wanda aka kama a nan kotu zai je ba bariki zai koma cin abincin dare ba.

Kuma ba kowane atisaye ne ake harbi ba. Akwai wanda hafsoshi ne kawai a ɗaki da taswira da kwamfuta, a ce musu ga abin da ya faru, kai me za ka yi, wa za ka kira, ko harsashi ɗaya ba a fasawa. Akwai na fili da harsashin ƙarya mai ƙara kawai. Akwai kuma na harsashi mai rai, irin wanda ake yi a Bundase, shi ne za ka ji an fitar da sanarwa manoma da makiyaya da masu farauta su kauce wa wurin daga rana kaza zuwa rana kaza. Na kurmi a Achiase ake yi, na arewa kuma Daboya.

Na teku shi ne mutane suka fi gani kuma suka fi rashin ganewa, don haka bari in daɗe a kansa.

Babban da aka fi ji shi ne Obangame Express, wanda rundunar ruwan Amurka ke ɗaukar nauyi, ƙasashen gaɓar tekun Guinea na karɓar baƙuncinsa bi da bi. Ghana ce ta karɓa a watan Maris na 2021, ƙasashe sama da 30 suka shiga. Faransa ma na da nata mai suna Grand African NEMO tun 2018. Sojan ruwanmu kuma, da aka kafa a 1959, yana da nasa na gida, Sea Lion, inda jirage kan tashi su nausa kudu har su tsallaka layin da ya raba duniya biyu su dawo. Rundunar tana da manyan sansanoni biyu, na gabas a Tema na yamma a Sekondi, kuma aikin da ke kansu ba ƙarami ba ne, gaɓar teku ta kai wajen kilomita 550 daga Aflao zuwa iyakar Kodebuwa, sannan ruwan da ƙasa ke da haƙƙin arzikinsa ya shiga ciki har mil 200 na teku, wato kusan kilomita 370. A cikin ruwan nan ne man Jubilee yake, wanda aka gano a 2007 aka fara haƙowa a ƙarshen 2010.

Ga yadda rana ɗaya take tafiya. A ɗauki wani jirgi a ce yau kai ne ɓarawo, ko ka sato kifi ko ka ɗauko ƙwaya ko 'yan fashi sun ƙwace ka. Manyan jirage suna da wata na'ura, AIS, da ke ta shelar sunan jirgi da inda yake da inda ya dosa, to sai a ce masa kashe taka. A ɗakin sa ido da ke tudu wani matashin soja na zaune gaban allo, ɗigon da yake kallo ya ɓace, ko kuma rada na nuna akwai abu a wurin amma abun ba ya faɗin sunansa. Daga wannan daƙiƙar alƙalan atisayen suka fara duba agogo. Minti nawa ya ɗauka kafin ya lura, wa ya fara gaya wa, shi wancan ya ɗaga waya ko yana wurin cin abinci, minti nawa kafin jirgin sintiri ya bar tasha, da mai a tankinsa ko sai an nemo sa hannun wani oga.

In an cimma jirgin sai a kira shi a rediyo, tasha ta 16 wadda kowane jirgi ke saurara, a ce ya rage gudu za a hau. A sauke ƙaramin kwale-kwalen roba mai inji, mutum shida ko takwas a ciki da sulke da hular kwano da bindiga, su manna a jikin ƙaton jirgi igiyar ruwa na ɗaga su tana saukewa, su hau tsanin igiya ɗaya bayan ɗaya, wallahi wannan hawan kaɗai ya isa aiki, ka zame ka faɗa tsakanin jirage biyu da nauyin kayan nan a jikinka sai dai Allah ya kiyaye. Suna hawa wasu su nufi ɗakin tuƙi, wasu ɗakin inji, a tara ma'aikatan jirgin wuri guda a ƙirga su a gwada da takardar sunaye. In takarda ta ce mutum 18 ka ƙirga 17 to akwai wanda ya ɓuya, kuma masu shirya atisayen da gangan suke ɓoye shi. A duba lasin, a auna idon raga in jirgin kifi ne, a buɗe ɗakin sanyi. Abin da aka samu ba a ɗauka da hannu haka kawai, sai an ɗauki hotonsa a inda yake, a sa a leda a liƙe a rubuta wanda ya ɗauka da lokaci, don lauya mai wayo na iya rushe shari'a gaba ɗaya a kan wannan ledar.

Amma a ganina duk wannan ba shi ne zuciyar abin ba. Zuciyar ita ce lokacin da jirgin ɓarayin ya juya ya nufi gabas. Daga Tema zuwa ruwan Togo ba wani nisa ba ne, kuma dokar teku ta duniya ta ce kana iya bin jirgi da gudu, amma da zarar ya shiga mil 12 na gaɓar wata ƙasa to bin ya ƙare, ba ka da ikon shiga sai da izini. Ɓarayi sun san wannan sarai. Saboda haka dole na Tema ya kira na Lome ya ce ga shi nan tafe gare ku, shi da Turanci wancan da Faransanci, na Lome ya kira Kwatano, Kwatano ta kira Legas, in ta kudu aka bi har masu Fotugis su shigo ciki. Don wannan ne shugabannin yankin suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde a watan Yunin 2013, aka yanka tekun shiyya-shiyya, kuma cibiyar shiyyarmu, wadda ake kira shiyyar F, a nan Accra take, tana haɗa mu da Kodebuwa da Laberiya da Saliyo da Gini. Rabin atisaye gwajin wannan miƙa saƙon ne. Ba ya kyau a bidiyo shi ya sa ba a nuna shi, mutum ne kawai riƙe da waya yana maimaita lambobi a hankali don kada na can ya rubuta bakwai a madadin tara. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da aka ƙwace jirgi da gaske ba ranar neman lambar wayar maƙwabci ba ce.

Wani dattijo a wurin mai shayi a Mamobi ya taɓa tare ni da zancen, ya ce yaro, ku da kuke karanta abubuwan nan, duk wannan kuɗin man da ake ƙonawa a ruwa mu me ya shafe mu, mu da ko kwale-kwale ba mu da shi? Na ce Baba ai kifin da Hajiya ke sa maka a miya daga can yake, shinkafar ma ta Tema ta shigo. Ya ce to shi ya sa kullum ƙara tsada suke? Aka yi dariya, amma tambayarsa na kan hanya. A 2020 ma'aikatan jirgi 135 aka sace a duk duniya, 130 daga ciki a tekun Guinea ne, kuma duk lokacin da abu ya yi haka kamfanonin inshora na ƙara kuɗi, mai jirgi ya ɗora a kan kwantena, ɗan kasuwa ya ɗora maka. Mu ma ya taɓa mu kai tsaye, a Maris 2018 an ƙwace jirgin kamun kifi Marine 711 a ruwan Ghana aka tafi da 'yan Koriya uku. Kafin nan a Janairun 2015 sojan ruwanmu ya ƙwato tankar mai MT Mariam ya kama 'yan fashi takwas, irin hawan tsanin igiyar nan ne fa aka yi amma ranar ba wasa. Daga 2021 satar mutane a tekun ta ragu sosai, sai dai ba zan ce atisaye kaɗai ya jawo ba, Najeriya ta yi dokar fashin teku a 2019 ta zuba jirage, kotuna a Legas da Lome sun fara ɗaure mutane, duk sun taimaka.

Inda ni nake da ƙorafi shi ne kifi. Masunta a Jamestown da Chorkor da Elmina ba ɗan fashi mai bindiga ne ya fi damunsu ba, manyan jiragen jan raga ne da ke kwashe ƙananan kifin da ya kamata ya zama na masu kwale-kwale, su daskarar da shi fale-fale su sayar a tsakiyar teku, abin da ake kira saiko. Har Tarayyar Turai ta sake ba Ghana katin gargaɗi a 2021 a kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. A atisaye kullum ana kama jirgin kifin ƙarya cikin awa biyu ana tafi. Na gasken kuwa yana da mai shi a tudu, mai shi yana da mutane, wannan kuma ba abin da tsanin igiya zai yi masa.

Sai maganar baƙi. Masu cewa a yi hattara ba mahaukata ba ne. A Maris 2018 mutane sun cika titi a Accra suna adawa da yarjejeniyar tsaro da Amurka, gwamnati ta ce ba sansani ba ne, har yau wasu ba su gamsu ba. Da aka kawo Flintlock nan a 2023, atisayen sojojin musamman da aka fara tun 2005, sojoji wajen 1,300 suka taru tsakanin nan da Kodebuwa, a nan wasu a Daboya wasu a Sogakope bakin kogin Volta, aka sake dawowa a 2024, maganar ta sake tashi. Kuma mutane na tuna cewa a Satumban 2021 sojojin Amurka na cikin ba rundunar musamman ta Gini horo ne yaran Mamady Doumbouya, kwamandan rundunar, suka tashi suka kifar da shugaban ƙasa Alpha Condé. Duk wanda ya biya kuɗin mai da masauki yana da abin da yake nema, Amurka da Faransa ba sadaka suka zo yi ba, suna son sanin ruwan da sanin hafsoshin da kuma kada wani ya riga su. Amma atisaye da sansani ba abu ɗaya ba ne, na farko yana da ranar farawa da ranar tashi, mako biyu galibi a naɗe kaya. Tambayar da ta fi amfani a wurina ita ce bayan sun tafi me ya rage, jiragenmu irin su GNS Blika da Garinga da aka sayo daga Sin suna samun mai da kayan gyara su fita sintiri a watan da babu baƙo babu kamara, ko sai an ji za a yi atisaye ake wanke su.

In bidiyo ya sake shigo maka a waya, abu ne mai sauƙin tantancewa. Atisaye ana sanar da shi tun kafin a fara, sashen hulɗa da jama'a na sojoji a hedikwatarsu ta Burma Camp kan fitar da takarda a ce jama'a kada su firgita in sun ga motsin sojoji ko sun ji ƙarar harbi, yana da suna da shekara a liƙe, akwai bikin buɗewa da na rufewa da jawabai, 'yan jarida na tsaye da rigar ruwa a kan jirgi. Samame na gaske ba a gayyatar kowa, sai an gama ka ji. In kuma kana da ɗan'uwa mai fita teku daga Tema Newtown, ka gaya masa ranakun ya kauce wa inda aka ce za a yi harbi.