Digirin ɗan wasan jami'a ba na alfarma ba ne

An daɗe ana cewa 'yan wasan jami'o'in Amurka kyautar digiri ake ba su, ba su san ƙofar aji ba. Maganar ta wuce gona da iri.

Takardar da ɗan ƙwallo ke karɓa ita ce ta ɗalibin da suka zauna benci ɗaya. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ma ta gindaya wa 'yan wasan rukunin farko, wato mafi girma, sharaɗi: sai ɗalibi ya kammala kashi 40 cikin ɗari na karatunsa kafin shiga shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. Ya gaza, a cire shi daga fili. Misali, Myron Rolle ya buga wa Jami'ar Florida State ƙwallon zari-ruga na Amurka, ya samu tallafin karatu na Rhodes zuwa Jami'ar Oxford, yau likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. A Jami'ar North Carolina, binciken 2014 ya gano kwasa-kwasan da babu lacca, sai rubutu ɗaya a ba ka maki mai tsoka, daga 1993 zuwa 2011. Ɗalibai kusan 3,100 suka shiga, kusan rabinsu 'yan wasa. Ka lura, sauran rabin ba 'yan wasa ba ne.

Ni a ganina, inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Yaro ya tashi atisaye da asuba, ga tafiye-tafiyen gasa, sai a lallaɓa shi ya bar injiniyanci ya ɗauki fannin da ba ya karo da jadawalin koci.