Fasnif

Fasnif, wanda masana tsirrai ke kira Pastinaca sativa, saiwa ce ta lambu daga dangin karas da faski da seleri. Siffarsa ta karas ce, sai dai fari ne mai ɗan ratsin rawaya, kuma kansa ya fi kauri. Shuka ce mai shekara biyu: a ta farko tana tara abinci a saiwa, a ta biyu ta yi fure da iri. Manomi yana tone ta tun a shekarar farko.

Asali da tarihi

Asalinsa Turai ne da yammacin Asiya, inda har yau na daji ke fitowa a bakin hanya. Rumawa sun noma shi, amma tsofaffin rubuce-rubucensu sukan kira shi da karas da suna ɗaya, don haka da wuya a raba su. Akwai labarin cewa Sarkin Rumawa Tiberiyus yakan sa a kawo masa shi daga yankin kogin Rhine a Jamus ta yau. Wasu masana na ganin abin da ake kawo masa wata saiwa ce daban. Kafin dankalin Turawa ya shigo daga Amurka ta Kudu a ƙarni na 16 ya bazu daga baya, fasnif na cikin abincin da talakan Turai ke dogaro da shi a lokacin sanyi, kuma ana zaƙaƙa abinci da shi sa'ad da sukari ke da tsada. Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun kai shi Amurka ta Arewa wajen farkon ƙarni na 17. Dankali ne ya ƙwace masa matsayi, kodayake a Ingila bai bar faranti ba, musamman gasasshe lokacin Kirsimeti.

Iri da shuka

Matsalar fasnif daga iri take farawa. Irin faifai ne mara nauyi, kamar ɓawo, kuma ba ya jure ajiya: wanda ya haura shekara ɗaya yawancinsa ba ya tsirowa, balle wanda ya sha zafin shago. Sabon iri ake nema kowace kaka. Ba a yin rainonsa a dasa kamar albasa, domin da zarar an taɓa jijiyar tsakiya saiwar za ta karkace ko ta rabu. Inda za a tone shi nan ake shuka shi.

Ƙasar da ta dace ita ce mai laushi, jigawa mai ɗan laka, wadda aka kafce zurfin santimita 30 zuwa 40 aka tsince duwatsu da ɓurɓushin hoge. Ɗanyen kashin dabbobi yana sa saiwa ta yi rassa da gashi. Taki sai wanda ya ruɓe sarai, ko kuma a yi amfani da fangalin da aka zuba wa taki a noman da ya gabata. A ja layi mai zurfin santimita 1 zuwa 1.5, tsakanin layi da layi santimita 30 zuwa 45. A kowane santimita 10 zuwa 15 a sa ƙwaya uku, a rufe da ƙasa mai laushi. Ranar da iska ke kaɗawa ba ranar shuka ba ce, don irin tashi yake yi daga tafin hannu.

Tsiro yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, kuma ya fi kyau idan zafin ƙasa na tsakanin digiri 10 da 21. A duk tsawon wannan jira bai kamata saman ƙasa ya bushe ya yi ɓawo ba. Bayan ganye na gaskiya biyu ko uku sun fito, a bar mafi ƙarfi ɗaya a kowane gurbi.

A yanayin Sakkwato

Fasnif ba ya cikin kayan lambun da aka saba gani a fadamun kogin Rima, irin su Kwalkwalawa, inda albasa da tumatir da karas suka yi kaka-gida. Dalili shi ne amfanin ƙasar sanyi ne mai buƙatar kwana 100 zuwa 130, alhali hunturun nan gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda zai gwada sai ya shuka a farkon Nuwamba domin ya tone kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana kan haura digiri 40. Ana iya lulluɓe fangali da siririyar ciyawa ko jiƙaƙƙen buhun algarara, a yayyafa ruwa safe da yamma, a ɗage da zarar tsiro ya leƙo. Daga nan ban ruwa ya zama mai zurfi kuma a kan kari, don ƙishi da ambaliya a jere suna tsaga saiwa. Iri mai gajeriyar saiwa kamar White Gem ya fi sauƙi a ƙasa mai tauri fiye da dogaye irin su Hollow Crown.

A Turai sanyin ƙanƙara ne ke juya sitacinsa ya koma sukari. Tunda babu wannan a nan, akan cim ma kusan haka ta ajiye saiwar a firji, kusa da digiri 0 zuwa 2, na kamar mako biyu.

Cututtuka da haɗari

A ƙasashen da aka saba noma shi, manyan abokan gabansa su ne ƙudan karas da wata cutar ruɓa mai baƙanta kafaɗar saiwa, wadda ke shiga ta rauni da yawan danshi. A ƙasa mai zafi da yashi, ƙananan tsutsotsin da ke sa jijiya ƙullutu sun fi zama abin tsoro, shi ya sa ba a so ya bi bayan tumatir ko kuɓewa a fangali ɗaya.

Ruwan ganyensa da kararsa na ɗauke da sinadarin da, in ya taɓa fata rana ta buga, yakan haddasa ƙuna da bororo, tabon ya yi watanni. Da irin ranar Sakkwato wannan ba abin wasa ba ne: a yi cira da riga mai dogon hannu da safar hannu, da sassafe ko da yamma, a wanke hannu da sabulu nan take.

Amfani

Ana dafa shi a miya, a gasa, ko a soya. Yana da sinadarin fotasiyam da bitamin C.