Waiwaye: Agogon daƙiƙa 24 da tarin kofunan Boston Celtics

Tun watan Yunin 2024, lokacin da Boston Celtics ta doke Dallas Mavericks ta ɗauki kofinta na 18 a gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, gardamar da ke tsakanin magoya bayanta da na Los Angeles Lakers, mai kofuna 17, ta sake ɗaukar zafi. Mutanen Lakers suna cewa kofuna 11 daga cikin na Boston an ci su ne tsakanin 1957 da 1969, zamanin da ƙungiyoyin gasar ba su wuce takwas ko tara ba a yawancin shekarun, alhali yau sun kai 30. Su kuma na Boston sai su ce ai biyar daga kofunan Lakers a birnin Minneapolis aka ci su, kafin ƙungiyar ta yi ƙaura a 1960. Kowa yana da hujjarsa, sai dai dukansu suna tsallake shekaru biyun da suka raba ƙarshen mulkin Minneapolis da farkon na Boston, kuma a nan ne tushen maganar yake.

Abin da aka fi sani ba ya buƙatar dogon bayani. An kafa Celtics a 1946, ta shekara goma ba ta ɗauki komai ba, duk da zuwan koci Red Auerbach da ɗan wasa Bob Cousy a 1950. Da Bill Russell ya iso sai ta lashe kofi sau takwas a jere daga 1959 zuwa 1966, bajintar da babu ƙungiyar da ta maimaita, sannan John Havlicek da Larry Bird suka ɗora daga baya.

Kafin 1954 babu dokar da ta tilasta wa ƙungiya ta jefa ƙwallo zuwa kwando cikin wani ƙayyadadden lokaci. Wadda ta shiga gaba da 'yan maki sai ta riƙe ƙwallon, 'yan wasanta su yi ta miƙa wa juna suna kashe lokaci, abokan karawa kuma ba su da dabarar da ta wuce su yi keta da gangan domin ƙwallon ta dawo hannunsu. A watan Nuwamban 1950 Fort Wayne Pistons ta doke Minneapolis da ci 19 da 18, sakamakon da har yau shi ne mafi ƙanƙanta a tarihin gasar, domin 'yan Pistons sun gwammace su rungume ƙwallo da su bar ta ta kai hannun George Mikan, dogon ɗan wasan Minneapolis da ke tsaye a gindin kwando. Irin wannan wasa na tafiyar hawainiya ya gundure 'yan kallo, ƙungiyoyi kuma suka yi ta rushewa.

Mai ƙungiyar Syracuse Nationals, Danny Biasone, da manajanta Leo Ferris ne suka kawo magani, kuma lissafinsu mai sauƙi ne. Wasa yana da minti 48, wato daƙiƙa 2,880. Wasan da ke ƙayatar da 'yan kallo kuwa yakan ƙunshi jifa kusan 120 tsakanin ɓangarorin biyu. Idan aka raba sai a sami 24. Daga kakar 1954 zuwa 1955 duk ƙungiyar da ba ta yi jifa cikin daƙiƙa 24 ba ta rasa ƙwallon. A kakar farko kaɗai matsakaicin makin ƙungiya a wasa ya tashi daga kusan 79 zuwa 93.

Boston ce ta fara haura maki 100 a matsakaici a wannan kakar, amma abin da ake zura mata bai gaza haka ba, ta kuma gama da nasara 36 da rashin nasara 36. A ganina wannan kakar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce ta koya wa Auerbach darasin da ya gina komai a kansa. Tunda doka ta yawaita jifa, ƙwallayen da ke kuskure kwando su ma sun yawaita, don haka wanda ya fi iya cafe su ya miƙa wa Cousy a guje shi ne zai mallaki wasan. Shi ya sa a 1956 ya yarda ya ba St. Louis Hawks fitaccen ɗan wasansa Ed Macauley tare da Cliff Hagan domin ya karɓi Russell, matashin da ba a san shi da iya jifa ba, wanda ma bai fara wasa ba sai a Disamba, bayan ya ciwo zinare a gasar Olamfik ta Melbourne. Ba wauta Hawks ta yi ba, domin ita ce ta ɗauki kofin 1958 a hannun Boston lokacin da Russell ya ji ciwo a idon sawu.

Russell ya cafe ƙwallo sau 21,620 a rayuwarsa ta wasa, har da 51 a wasa guda. Aikin da ya fi tsorata abokan hamayya da shi, wato make ƙwallo tana kan hanyar kwando, ba ya cikin kundin tarihi, domin sai a 1973 gasar ta fara ƙirga shi, shekara huɗu bayan ya yi ritaya. Masu cewa ƙarancin ƙungiyoyi ya sauƙaƙa wa Boston suna manta cewa gwanayen zamanin a wuri guda suka cunkushe, har Russell yakan kara da Wilt Chamberlain sau da yawa a kaka ɗaya.

Inda hujjar mutanen Lakers ta fi ƙarfi wani wuri ne dabam. A wancan zamani ɗan wasa ba shi da ikon barin ƙungiyarsa don kansa ko da kwantiraginsa ya ƙare, abin da ya ba Boston damar riƙe mutanenta shekara da shekaru. An fara sassauta wannan ƙa'ida a 1976, kuma daga 1987 zuwa 2024 kofi biyu kacal Celtics ta ƙara, a 2008 da 2024, yayin da Lakers ta ƙara takwas.