Mene ne Sinadarin Daƙile Wuta da Ake Zubawa a Roba?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar cajin waya ranar kasuwar Gujungu ya ga yadda ake cunkusa caja a soket guda, har bakinsa ya yi baƙi ya lanƙwashe, amma bai tashi da wuta ba. Abin da ya riƙe shi, in dai mai kyau ne, shi ne sinadarin daƙile wuta, wato wani gari ko ruwa da masana'anta ke cakuɗawa da roba tun tana narke. Asalin roba man fetur ne, don haka ba a raba ta da cin wuta. Sinadarin jinkirta kamawar kawai yake yi, mutum ya samu damar zare waya kafin wuta ta kai ga danni, musamman da hunturu.

Shekaru da dama, waɗanda aka fi zubawa a jikin talabijin, kwamfuta da soson kujera su ne masu ɗauke da wani sinadari da ake kira buromin, wanda ke shaƙe harshen wuta. Aibinsu shi ne ba sa ruɓewa: suna bin ƙura, su taru a kitsen jiki, har an same su a nonon uwa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, kuma Najeriya ke cikinta, ta haramta wasu a 2009, ta ƙara wasu a 2013 da 2017. Sai dai haramcin bai kwashe tsofaffin kayan da ke hannunmu ba, kuma a ganina haɗarinmu a karkara nan yake, domin idan ɗan gwangwan ya cinna wa tarkacen rediyo wuta don ya ciro tagulla, ko uwargida ta hura murhu da ɓallin irin wannan roba, baƙin hayaƙin na ɗauke da guba.

Madadin da ake komawa gare su dabararsu daban ce. Akwai farin garin alminiyam haidiroksaid, wanda idan zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius yake fitar da tururin ruwa ya sanyaya robar, amma sai an zuba shi kusan rabin nauyinta ko fiye, abin da ke rage mata ƙwari. Masu ɗauke da sinadarin fosfaras kuwa ɓawon gawayi suke yi a saman robar, ya tare iska. Masu bincike ma sun waiwayi tsirrai, suna gwada wani sinadari mai fosfaras da ke cikin dusar hatsi, irin wadda muke dama wa awaki, kodayake yawancin wannan aiki bai bar ɗakin gwaji ba tukuna.