Fili a Legas: Na Gwamna Ne ko na 'Yan Gado?

Duk ɗan Arewan da ya daɗe a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 har ya tara ɗan abin hannu, wata rana sai zancen mallakar fili ya taso masa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a majalisun 'yan kasuwarmu.

Malam, wai da gaske ne duk ƙasar Legas ta gwamna ce?

A takarda haka ne. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe ta amana domin 'yan Najeriya baki ɗaya. Abin da kake samu izinin zama ne da amfani, galibi na shekara 99. Kafin sojoji su sauka sai suka cusa dokar cikin kundin tsarin mulkin 1979, tana nan kuma a na 1999, saboda haka taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin. Marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan daram.

To me ya sa har gobe dangi ne ke sayar da fili a nan?

Tarihi ne ya bambanta. A Arewa tun 1910 Turawa suka sa ƙasa ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sake jaddada hakan da dokar 1962. Kusan tsarin namu aka ɗauko a 1978 aka shimfiɗa wa kowa, shi ya sa bai zo mana da mamaki ba.

Legas kuwa hanyarta daban. A 1861 Oba Dosunmu ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa garin ga Ingila, Turawa suka ɗauka har ƙasar sun mallaka. Sarakunan Idejo, masu fararen huluna, suka ce ina, ai ƙasa tasu ce da danginsu. Da gwamnati ta karɓi fili a Apapa, ɗaya daga cikinsu, Amodu Tijani mai sarautar Oluwa, ya kai ƙara har Landan tare da rakiyar ɗan kishin ƙasa Herbert Macaulay. A 1921 kotun ƙarshe ta daular Ingila ta ba shi gaskiya: yarjejeniyar ba ta share haƙƙin masu ƙasa ba, dole a biya cikakkiyar diyya. Dokar 1978 ma ba ta kori waɗanda suke kan filayensu ba. Idan dangi suka ce maka gadonsu ne, ba da wasa suke ba.

Na biya dangin, sun ba ni rasit. Bai isa ba?

Bai isa ba, Alhaji, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Mun saba da ciniki na amana, dillali da shaidu biyu a yi addu'a a tashi. A nan sai shugaban dangi da manyan gidan sun sa hannu tare. Wanda ya sayar ba da sanin shugaban ba, cinikin banza ne a kotu. Sannan ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya auna filin a kai ofishin babban safiyon jiha a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe yankin. Wurare da yawa a bakin gari haka suke, sai ɗan abin da aka yanka aka mayar wa ƙauyen aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Ka nemi ganin gazet ɗin da idonka.

Ko mai satifiket ɗin fili na gwamnati (C of O) ne ya sayar maka, sai an samu amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo.

Omo onile fa, wato masu cewa su ne 'ya'yan masu ƙasa?

Tifa na juye yashi za ka ga samari sun ɓullo, wai kuɗin harsashi. Ka kai linta su dawo, ranar rufi su sake dawowa, wani lokaci ma wani ɓangaren dangin ne da bai ga ko sisi ba a cinikin farko. Gwamna Ambode ya sa hannu a dokar kare kadarori a 2016, wadda ta mai da wannan karɓe-karɓe da ƙwacen fili laifin ɗauri. A ganina ta rage musu kaifi, amma mai takardu rabi-rabi shi ne ke tsoron kai ƙara, su kuma sun san haka.

Ɗan Arewa yana da 'yancin mallaka a Legas?

Ƙwarai. Sashe na 43 na kundin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Najeriya.

Gwamnati za ta iya karɓewa bayan na gina?

Za ta iya, idan ta ce don amfanin jama'a ne, kamar titi ko layin dogo. Diyyar kuma ta abin da ka ɗora a kai ce, gini ko shuka, ban da ƙasar kanta. Marasa takarda su ne abin ya fi yi wa ciwo. A Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya sa aka rushe unguwar Maroko da ke Legas, dubban iyalai suka watse cikin damina, kuma wurin yanzu yana cikin filaye mafi tsada a Legas.