Akawun Majalisa

Akawun majalisa, wasu kuma su ce magatakardan majalisa, shi ne babban ma'aikacin da ke riƙe da duk harkar gudanarwa ta majalisar dokoki, shi ne kuma mai ba kakaki ko shugaban majalisa shawara kan ƙa'idojin zama. Ba jama'a ke zaɓensa ba, ba shi da mazaɓa, ba ya kaɗa ƙuri'a kuma ba ya sa baki a muhawara, ma'aikacin gwamnati ne kawai irin wanda ya fara daga ƙasa ya yi ta hawa mataki mataki har ya kai sama. In kana kallon zaman majalisa a talabijin ka duba ƙasan kujerar shugaba kaɗan, za ka ga wani dogon tebur da wasu mutane zaune cikin baƙar riga sun duƙufa kan takardu, to su ne akawu da mataimakansa, kuma duk lokacin da ka ga shugaba ya kashe makirfo ya sunkuyo wani ya taso yana masa raɗa a kunne to galibi an zo wani wuri ne da ƙa'ida ta ɗaure, ana neman a ji me littafi ya ce.

Sunan kan rikita mutane, don a Hausa da an ce akawu abin da ke zuwa a rai shi ne ɗan ma'aikacin nan na zamanin En'e mai rubuta rasit da lissafin haraji. Wannan akawun dai ba ƙaramin mutum ba ne, a Najeriya shi ne shugaban dukkan ma'aikatan majalisar ƙasa kuma shi ne mai amsa tambaya kan kuɗin da aka kashe.

Asali

Muƙamin daga Ingila ya samo tushe. Akawun majalisar wakilan Birtaniya na farko da aka san sunansa shi ne Robert de Melton, an naɗa shi a 1363, lokacin da karatu da rubutu sai 'yan ƙalilan, yawanci malaman coci, shi ya sa aikin farko na akawu shi ne ya tashi ya karanta wa 'yan majalisa takardar koke ko ƙuduri da babbar murya su ji. Daga nan ne aka gaji wannan magana ta karatu na ɗaya, karatu na biyu, karatu na uku da har yau ake yi a Abuja da Accra, ko da yake yanzu taken ƙudurin kawai akawu ke karantawa ba duka ba.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Thomas Erskine May, ya riƙe muƙamin daga 1871 zuwa 1886, amma tun 1844 ya wallafa littafinsa kan ƙa'idoji da al'adun majalisa, littafin da har gobe ana sabunta shi ana kuma kafa hujja da shi a ƙasashen rainon Ingila. Ita kuma hular gashin nan ta lauyoyi da akawuna ke sawa, majalisar wakilan Birtaniya ta ajiye ta a zaman yau da kullum tun 2017 zamanin kakaki John Bercow.

Ƙasashen rainon Faransa kamar Nijar da Kamaru da Chadi ba sa cewa akawu, sakatare janar na majalisa suke cewa, haka ma Indiya. Amurka kuwa ta raba aikin, akwai akawu daban akwai kuma masanin ƙa'idojin zama daban.

A Najeriya

Sashe na 51 na tsarin mulkin 1999 shi ya ce dole a sami akawun majalisar ƙasa da sauran ma'aikata, sashe na 93 kuma ya faɗi haka ga majalisun jihohi. Hukumar kula da ma'aikatan majalisar ƙasa ce ke naɗa shi, ba shugaban ƙasa ba, kuma an yi haka ne don kada ɓangaren zartarwa ya riƙa juya ma'aikatan majalisa yadda ya ga dama. A ƙarƙashinsa akwai mataimaki, sai akawun majalisar dattawa mai sanatoci 109 da akawun majalisar wakilai mai mambobi 360, su biyun nan su ne ke zama a teburin zaure kullum, sannan kowane kwamiti da nasa akawun.

Cikin waɗanda suka riƙe kujerar akawun majalisar ƙasa a baya bayan nan akwai Salisu Maikasuwa, sai Mohammed Sani-Omolori daga 2016 zuwa 2020, sai Ojo Olatunde Amos, sai Sani Magaji Tambuwal, sai Kamoru Ogunlana da ya karɓa a 2025.

Kada a haɗa shi da shugaban ma'aikatan ofishin kakaki. Wancan ɗan siyasa ne ya ɗauko shi, yaronsa ne ko amininsa, ranar da maigida ya sauka shi ma ya tattara nasa ya nasa. Akawu kuwa na majalisar ne gaba ɗaya, masu rinjaye da marasa rinjaye, kakaki ya zo ya same shi ya kuma tafi ya bar shi.

Aikin yau da kullum

Kafin a buga guduma da safe ofishinsa ya riga ya buga takardar jadawalin zaman ranar an ajiye wa kowa a kujerarsa, ya kuma shirya wa shugaba bayanin abin da zai faɗa a kowace gaɓa, domin yawancin kalaman da ake jin kakaki yana jerowa tiryan tiryan rubuta masa su aka yi. Bayan an tashi sai a zauna a rubuta abin da aka zartar, washegari a kawo a amince da shi, kuma abin da wannan takarda ta ce shi ne abin da ya faru a idon doka ko da kuwa hayaniya ta hana kowa jin komai a zauren. In murya ta kasa raba gardama tsakanin masu cewa e da masu cewa a'a aka ce a ƙirga, akawuna ne ke ƙirgawa. Banda wannan ga albashi da alawus, ga ofisoshi da motoci, ga ɗakin karatu, ga masu ɗaukar muhawara kalma da kalma, ga dogaran majalisa masu ɗauko sanda, duk suna ƙarƙashin inuwarsa.

Akwai kuma wani aiki da ba a cika ganinsa ba amma ya fi duk sauran nauyi. Idan majalisun biyu suka amince da ƙuduri, akawun majalisar ƙasa ne ke fitar da tsabtataccen kwafi ya sa hannu ya shaida cewa wannan shi ne ainihin abin da aka zartar ba ƙari ba ragi, sannan ya aika wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ce ya ƙi. Wato tsakanin zauren majalisa da teburin shugaban ƙasa doka a hannun mutum ɗaya take bi, kalma ɗaya ta ɓace ko waƙafi ya sauya wuri sai ka ga ma'ana ta juye, shi ya sa duk sanda aka fara rigimar cewa abin da aka buga ba shi aka zartar ba, ofishin akawu ake fara dubawa.

Ranar da akawu ke zama shugaba

Sau ɗaya a shekara huɗu mutumin nan da ba a jin muryarsa shi ke riƙe da zaure. Sabuwar majalisa ba ta da shugaba, to shugaban ƙasa sai ya aiko da takardar shelar buɗe majalisa, akawu ya karanta, ya kira sunayen zaɓaɓɓu jiha jiha, ya nemi a tsayar da 'yan takara, a yi zaɓe ya sanar da sakamako ya rantsar da wanda ya ci, sannan ya sauko ya koma teburinsa. Haka Sani-Omolori ya yi a zaɓen shugaban majalisar dattawa ranar 11 ga Yuni 2019 da Ahmad Lawan ya sami ƙuri'a 79 Ali Ndume 28, haka Tambuwal ya yi ranar 13 ga Yuni 2023 da Godswill Akpabio ya sami 63 Abdul'aziz Yari 46.

Wanda ba a mantawa da shi dai shi ne na 9 ga Yuni 2015. Takardar shela ta ce ƙarfe goma na safe, a daidai lokacin kuma sanatocin APC da yawa suna can babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa a Abuja suna jiran wata ganawa da aka ce za a yi da shugaba Buhari, shi kuwa Maikasuwa da lokaci ya yi sai ya buɗe zama da waɗanda ke nan tunda sun haura kashi ɗaya cikin uku da tsarin mulki ya nema, sanatoci 57 suka tsayar da Bukola Saraki ba hamayya, daga baya Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimaki, kafin na can su ankara su sheƙo an gama. Wasu suka ce akawu ya bi agogo da doka ne kawai, wasu suka ce da hannunsa a ciki. A 2016 gwamnati ta gurfanar da shi da mataimakinsa Benedict Efeturi tare da Saraki da Ekweremadu kan zargin sauya littafin ƙa'idojin majalisar dattawa, dukkansu suka musanta, a watan Oktoba na shekarar gwamnati ta janye ƙarar.

A jihohi abin ya fi tsamari don gwamna na kusa kuma hannunsa na da tsawo. A Edo a watan Yuni 2019 da daddare aka ƙaddamar da majalisa da mambobi 9 cikin 24, a Bauchi ma a wannan watan tsiraru suka yi sammako suka zaɓi kakaki sauran suka zo suka zaɓi nasu a waje, aka wayi gari da kakaki biyu. Ba Najeriya kaɗai ba kuma, a Amurka a Janairun 2023 akawu Cheryl Johnson ce ta riƙe majalisar wakilai kwana da kwanaki ana zagaye har sau 15 kafin Kevin McCarthy ya samu ya zama kakaki.

Rigimar ritaya

Ita ma kujerar kanta ba ta tsira daga ja-in-ja ba. Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, amma majalisar ƙasa ta takwas, wadda aka buɗe a 2015, ta amince da wani sabon tsari da ya ɗaga wa ma'aikatanta zuwa 65 ko 40. A watan Yuli 2020 hukumar ma'aikatan majalisa ta ce ba ta san wannan zance ba, duk wanda ya cika 60 ko 35 ya ajiye aiki, Sani-Omolori ya ce hukumar ba ta da hurumin soke abin da zaure ya zartar, aka ɗan yi kwanaki ana musayar takardu kowa na cewa tasa ce daidai, daga ƙarshe dai ya tafi aka ba Ojo Olatunde Amos riƙon ƙwarya.